Taraktar noma a dajin madobiya: aikin rani da ke cinye damina

A watan Yulin 2019 ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoto cewa tun daga 2012 an sare itatuwan madobiya kusan miliyan 6 a Gana an kai ƙasar Sin, galibi a shekarun da gwamnati ke cewa ta haramta. Kwamitin da aka kafa ƙarƙashin mataimakin minista Benito Owusu-Bio ya ce adadin bai kai haka ba. Tun lokacin ake ta musu kan kwantena nawa suka bi ta tashar Tema da wanda ya sa hannu a takarda. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a cika tambayar yadda gungumen ke barin tsakiyar daji ya iso bakin titi ba. Babbar mota ba ta shiga can, jaki ba ya iya ja. Taraktar noma ce ke fito da shi, wadda manomin Yendi ko Salaga ke bin layinta a watan Yuni. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, amma a nan maratayin ne aka manta da shi.

Muddin taraktar arewa tana zaman banza mafi yawan shekara, za ta shiga daji, da doka ko babu doka. Kuma mai ita da manomin da ke jiranta su ne ke biyan kuɗin wannan shigar.

A Ejura da Techiman damina biyu ake yi, tarakta na huɗa sau biyu. Daga Tamale zuwa sama damina ɗaya ce, kuma kana matsawa wajen Paga da Bawku tana ƙara gajarta. Huɗar gaba ɗaya 'yan makonni ce tsakanin Mayu da Yuli. Kowa yana son a yi masa a mako guda, ana gamawa kuma babu mai sake ɗaga waya. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin hayar tarakta na AMSEC a 2007, ta shigo da sababbin injuna daga Indiya, daga baya kuma daga Barazil, ta bayar bashi. Masu bincike na cibiyar IFPRI sun nuna cewa huɗa kaɗai ba ta mayar da kuɗin tarakta a irin wannan gajeren lokaci, shi ya sa biyan bashin ya yi ta tangal-tangal. Masu dabara sukan yi ƙaura da injinsu, su fara huɗa a kudu su biyo ruwa zuwa arewa. Wanda ba shi da wannan hali, ya sayi tsohuwar Massey Ferguson da kuɗin masararsa ko da rance, yana kallonta a ƙofar gida daga Nuwamba zuwa Afrilu, ga direba na jiran abinci, ga mai bashi na sallama. A daidai waɗannan watanni ƙasa ke bushewa, an ƙone ciyawa, daji ya buɗe, dillalin katako ya zo da kuɗi a hannu.

Ƙofar ma hukuma ce ta buɗe ta. Lokacin gina madatsar ruwa ta Bui da shimfiɗa titin Fufulso zuwa Sawla an ba da takardun kwashe itatuwan da aikin zai ci. Da waɗannan takardu aka shiga dazukan Gonja, har gefen gandun Mole, sannan sara ya bazu zuwa ƙasar Builsa, inda ɗan majalisa Dakta Clement Apaak ya daɗe yana kuka a kai.

Mayar da taraktar gona ta daji ba baƙon abu ba ne. Ƙananan masu gandu a Suwidin da Finland sun daɗe suna yi, sai dai suna kashe mata kuɗi kafin ta taka kututture. Ana sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin ciki don kare tukunyar baƙin mai da bututun gas, a sa raga mai kauri gaban lagireto, a kare bakin iskar taya, a ɗora nauyi a gaba. Ana kafa ƙarfen da zai tare direba idan ta kife ko reshe ya faɗo, a ɗaura na'urar naɗe igiyar ƙarfe a baya, yadda tarakta za ta tsaya a wuri mai kyau ta jawo gungumen zuwa gare ta. A nan abin da aka fi yi shi ne a kwance garma, mai walda ya ƙara wa tirela ƙarafa, a sayi sarƙa, shi ke nan. Sau da yawa sarƙar ma sama ake ɗaura ta, inda garma ke rataya, don kan gungumen ya ɗaga. Wannan shi ne ganganci mafi muni. Idan abin da ake ja ya fi gatarin baya tsayi, gungume kuma ya maƙale a kututture, tayoyin baya ba sa tsayawa, gaban tarakta ne ke tashi, cikin daƙiƙa biyu ta kife a kan direba. Kuma yawancin masu tuƙin nan samari ne da suka koya a gona mai laushi.

Ko an tsira da rai, inji ba ya tsira. Madobiya itace ne mai nauyi, ɗanye kuwa ya fi. Fizga daga tsaye tana ƙone kuloci, tirelar da ba ta da birki tana cinye birkin tarakta a gangara, kututture na yaga taya, ƙurar hunturu da toka na toshe matatar iska har ta kai ga cin zoben inji. Ba a ganin wannan a Janairu, lokacin da kuɗi ke shigowa kullum. Sai ruwan fari ya sauka a tarar tana gareji an baje cikinta, ana jiran kayan gyara daga kasuwar Suame ta Kumasi, waɗanda farashinsu ke bin dala. Kuɗin rani ya tafi gyara, makonnin da ake cin riba sun wuce. Manomin da ya ba da kafin alƙalami kuwa sai ya shuka a makare, kuma a ƙasar da ruwa ke ɗaukewa a Oktoba, jinkirin mako biyu yana bayyana a rumbu.

Ɓarnar daji ba ta tsaya kan itacen da aka sare ba. Hanyar da tarakta ta fasa ba ta rufewa: masu gawayi su biyo ta, masu babur mai ƙafa uku su biyo su. Da madobiya ta yi ƙaranci aka koma kan kawo, a murhun gawayi kuma har kaɗanya ba ta tsira ba, ita da matan arewa ke ci da 'ya'yansu da ita. Makiyayi ma ya yi asara, domin ganyen madobiya da kawo ne abincin shanu a ƙarshen rani. Dazukan yammacin Paga, waɗanda ke kan hanyar da namun daji ke bi tsakanin Nazinga ta Burkina Faso da Mole, ba su da kaurin da za su jure wannan.

Masu tarakta za su ce su 'yan dako ne, ba su sare ba, ba su sayar ba, kuma da sanin masu gari aka shiga. Za su ƙara da cewa a dokar Gana itacen da ya fito da kansa yana hannun gwamnati, ko a gonarka yake, don haka babu wanda ke da dalilin tsare shi. Maganar dokar gaskiya ce, kuma ta cancanci gyara. Amma wanda ya shiga daji da dare, fitila a kashe, ya san abin da ya ɗauko.

A 2021 sarakunan yankin Savannah, inda Salaga take, sun hana saran katako da gawayin kasuwa. A 2022 kuma hukumar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da itatuwa a duniya ta tsayar da cinikin madobiya daga ƙasashen da take fitowa, sannan a taronta na Panama a Nuwamban shekarar aka sa kawo da maɗaci cikin itatuwan da ake sa wa ido. Duk wannan ya taɓa mai saye da mai fitarwa, bai taɓa taraktar da ke zaune ba. Aikin rani na halal yana nan, ba a tsara shi ba ne: sussukar masara da injin da tarakta ke juyawa, dakon amfanin gona da taki, noman rani a madatsun Tono da Vea, da share layin kashe gobara a kewayen gandun daji da wuraren da aka yi dashe tun ranar dashen itatuwa ta Green Ghana ta 2021. Majalisun gundumomi da hukumar gandun daji za su iya ba masu tarakta kwangilar wannan aiki na ƙarshe tun Nuwamba, da sharaɗin a yi rajistar kowace tarakta a sa mata ƙarfen kare direba, wadda aka kama da gungume kuma a cire ta daga layin huɗa na gunduma a daminar da ke tafe.