Ɗan Dako Da Dokar Diyya: Wa Zai Biya Kuɗin Bayan Da Aikin Singa Ya Cinye?

Tirela takan kawo shinkafa da sukari da fulawa da taliya da man girki Kasuwar Singa ta Kano, amma iyakarta bakin titi. Daga nan zuwa cikin sito, a kan mutum da kafaɗarsa kayan suke shiga, haka kuma suke fitowa idan masu sari sun zo daga Katsina ko Maraɗi ko Damagaram. Tirela guda takan ɗauki buhu 600 masu kilo hamsin-hamsin, wato tan 30. In 'yan dako goma suka raba ta, kowannensu zai ɗauki buhu 60, tan uku ke nan ya bi ta wuyansa da gadon bayansa, kuma ba lallai ne ita kaɗai zai sauke a wannan yinin ba.

Idan buhu ya suɓuce ya karya wa lebura ƙafa, kowa ya gani. Akan taru a kai shi wurin mai ɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala, mai kaya ya ba da abin da ya sauwaƙa. Akwai kuma wani raunin da ba shi da ranar farawa, ba shi da shaida. Shi ne wanda yau da gobe take haifarwa: sunkuyo ɗaya, ɗagawa ɗaya, murɗa ƙugu ɗaya, ana maimaita su shekara da shekaru. Mai shi ba ya cewa ya ji rauni. Cewa yake yi, "Bayana ne ya riƙe," ko "Sanyi ne ya shige ni," ko kuma "Girma ne ya zo," alhali bai cika shekara 40 ba.

Likitocin ƙashi sun san yadda abin yake faruwa. Tsakanin kowace gaɓa ta ƙashin baya akwai wani faifan guringuntsi mai laushi da ke shanye nauyi. Ɗaga kaya a sunkuye, musamman tare da murɗa jiki, yana matse faifan har ya tsage ko ya bultso ya danne jijiya, sai ciwo ya riƙa sauka daga ƙugu zuwa cinya har tafin ƙafa. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi a kafaɗa da gwiwar hannu suna samun ƙananan yagewa, kuma idan ba su sami hutun warkewa ba sai su kumbura su yi tauri. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙunƙuntar hanya da jijiyar yatsu take bi. In ta matse, babban yatsa da biyu na kusa da shi su riƙa mutuwa, musamman da dare. Wannan ya shafi har waɗanda ba sa ɗaukar buhu: mai ɗinke bakin buhu, da yaron shagon da ke yini yana ƙulla sukari a leda, da mai tura baro ko kura, da direban da girgizar mota ke dukan ƙugunsa.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, inda ya danganta wasu ciwuka da maimaita motsi ɗaya da daɗewa a yanayin zama ko tsayuwa guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya, kuma shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke nakasa mutane a duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhun Singa yana dab da wannan iyaka, ballantana wanda ake ɗora wa biyu don ya gama da wuri ko don a ce da shi jarumi.

Abin da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba shi ne, dokar Najeriya ta san da wannan ciwo. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ita aka damƙa wa aiwatarwa. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma an hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan kuɗin magani da na gashin ƙashi da diyyar nakasa, wadda take kaiwa kashi 90 cikin 100 na albashi kowane wata ga wanda ya nakasa gaba ɗaya. Ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin maigidansa ba. Abin da ake nema shi ne a nuna cewa aikin ne ya jawo ciwon. Jerin cututtukan aiki da ke cikin dokar ya haɗa da na tsoka da gaɓoɓi waɗanda maimaita motsi da yunƙurin ƙarfi suke kawowa.

Dokar kuma ba ta tsaya ga ma'aikatan ofis da masana'antun Sharaɗa da Bompai ba. A wurinta, ma'aikaci ya haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, har da na kasuwa da ba ya cikin wani tsari na hukuma. Ta kuma sa wa'adi: ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya neman hukumar ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano.

A nan ne gizo ke saƙar. Ɗan dako yakan yi wa alhazai biyar aiki kafin la'asar, kowanne ya biya shi a kan buhu, su rabu. Wane ne maigidansa a cikinsu? Ba shi da albashin wata da za a lissafa kashi 1 a kansa. Da yawa 'yan ci-rani ne, in jiki ya gaza sai su koma ƙauye, wani matashin ya maye gurbi, kasuwa ta ci gaba da cinta. Sannan ga rashin hujja. Ciwon da ya taru a hankali, takardar likita ce kaɗai ke iya haɗa shi da aiki, shi kuwa lebura kemis yake zuwa ya sayi maganin kashe ciwo ya koma bakin tirela, domin ranar da bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Irin waɗannan ƙwayoyi in aka daɗe ana sha suna illata ciki da ƙoda, wasu kuma ta nan suke faɗawa shan tiramadol. Ciwon da ke gargaɗin jiki an rufe masa baki, ɓarnar tana ci gaba.

Gyaran bai fi ƙarfin Singa ba. Manyan diloli da kamfanonin da ke da yaran shago da direbobi da ma'aikatan sito na dindindin ba su da uzuri: doka ta wajabta musu yin rajista da biyan kasonsu. Su kuwa 'yan dako, hanyarsu ita ce ƙungiya. Shugabanninsu da na kasuwa za su iya buɗe rajistar sunaye, a yanka ɗan kuɗi a kan kowace tirelar da aka sauke, mai kaya ya biya, a zauna da ofishin NSITF na Kano a nemi yadda za a shigar da su a ƙungiyance. Mutanen da suka iya riƙe adashi da amanar bashin miliyoyi ba za su kasa wannan ba. Hukumar KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano ma tana karɓar masu sana'ar hannu, abin da zai sa lebura ya ga likita tun ciwo bai yi nisa ba, ya kuma mallaki katin asibitin da zai zame masa shaida.

Kafin a kai ga diyya kuma, a rage abin da ke kawo raunin. A hana ɗora buhu biyu. A samar da baro da kura da dandamalin sauke kaya daidai tsayin mota. A riƙa karɓa-karɓa tsakanin mai ɗagowa da mai ɗauka da mai jerawa. Addininmu ya riga wannan doka hana ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi umarni da a taya shi in aikin ya yi nauyi.

Kai ɗan'uwa mai dako, in ciwon baya ya wuce makonni bai sake ka ba, ko ƙafa ta fara mutuwa, je ka asibiti, ka gaya wa likita irin aikin da kake yi, ka adana takardunka. Ku kuma alhazan Singa, ku sani cewa kula da wanda ƙarfinsa ya ƙare a ƙofar sitonku haƙƙi ne a wuyanku, a gaban doka da kuma gaban Allah. Ya kamata shugabannin kasuwa su fara rajistar nan tun a bana.