Mai HND da Hanyar Mastas: Fannoni Biyu da Muke Wucewa

Da zarar zangon ƙarshe ya kama, hirar 'yan HND II ba ta wuce abu biyu: inda bautar ƙasa za ta jefa mutum, da tambayar nan, "Wai da HND ana yin mastas?" Ana yi. Sai dai a yawancin jami'o'inmu ba a tsallakawa kai-tsaye. Sai ka fara yin babbar difloma, wato PGD, wadda kan ci shekara guda ko ta ɗan haura. In ka fito da maki mai kyau, sannan ka nemi mastas ɗin.

Abin da na lura shi ne, da an ambaci PGD sai kowa ya nufi harkar kasuwanci ko ta mulki. Ga fannoni biyu da ba mu cika waiwaya ba, alhali buƙatarsu na ƙofar gidanmu.

Na farko kimiyyar ƙasar noma da amfanin gona. Masu karanta fasahar noma, wannan naku ne. Kada ka ɗauka maimaita darussan ND za ka je yi. Tambaya ɗaya za ka riƙe har ka samo amsarta. Misali, me ya sa manomi ke zuba buhun NPK iri ɗaya da na maƙwabcinsa, amma masararsa ta ƙi? Ƙasar noma a Arewa galibi tana da ƙarancin naitirojin da fosfaras, ruɓaɓɓen ganye da taki ma sun yi ƙaranci a cikinta. Wata gonar kuma yawan zuba yuriya shekara da shekaru ya sa ta yi tsami, in ka ƙara taki asarar kuɗi kawai kake yi. Ba a gane wannan da ido. Sai an ɗebo ƙasar, an shanya, an tankaɗe, an auna a ɗakin gwaji. Ga kuma ƙuduji, wanda ke manne wa saiwar dawa da gero yana tsotse su, ya fi kuma ƙarfi a gonar da ta gaji.

Wuraren yin wannan karatu ba su da nisa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ da SAMNUT, daga can ya fito. A 2019 ta fitar da wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. A Jami'ar Bayero akwai Cibiyar Noma a Busassun Yankuna, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa.

Amma fa ka sani, a nan damina ce ke riƙe da kalandarka. Gwajin gona ba ya jiran sakin kuɗi daga gida. In shuka ta wuce ka, ko dai ka jira baɗi, ko ka nemi fili a noman rani, irin na Kadawa. Sannan akwai lissafin ƙididdiga, wanda da yawa daga cikinmu muke haddacewa don jarrabawa mu watsar. A mastas da shi za ka kare sakamakonka gaban malamai. Ni dai da za a bi tawa, da tun yanzu kowa ya zauna ya fahimce shi.

Na biyu ilimin masu buƙata ta musamman: koyar da makafi, da kurame, da yaran da ke da jinkirin fahimta. Akwai sashensa a jami'o'in Bayero da Jos da Ibadan. Hanyar mai HND a nan ta ɗan fi tsawo, don fannin koyarwa ne. In ba ka da takardar malanta, yawanci sai ka bi ta PGDE, wadda ita ce kuma za ta ba ka damar rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Wani zai ce, to aikin me zan samu? A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kamar kowa. Doka ba ta shiga aji ta koyar da rubutun makafi mai ɗigo shida. Mutum ne ke yi. Bincike ma ga shi nan jibge. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen Kano suna da tasu maganar hannu tun kafin nan, da ita suke ciniki da hira. Yaron da ya taso da ɗaya aka kai shi aji ana yi da ɗayar, yaya yake koyon karatu? Wallahi wannan kaɗai ya isa mastas. Masu kwamfuta ma kada ku ce babu ruwanku, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu aikinku ce.

Yanzu abin da ke hannunka. Darajar sakamako tana da tasiri: Upper Credit na buɗe ƙofofin da Lower Credit sai ya yi ta ƙwanƙwasawa. Duba takardarka ta sakandare; ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, fannin noma kuma kan nemi kemistiri da bayoloji ko darasin noma. In akwai giɓi, cike shi kafin ka tafi bautar ƙasa, don takardar kammala bautar ko ta yafewa ita ma za a tambaya. Furojet ɗinka kuwa, yi shi da hannunka, shi ne abu na farko da malamin da zai duba bincikenka zai tambaye ka a kai. Sharuɗɗa kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka karanta sanarwar makarantar karatun gaba da digiri ta wannan shekarar, ba ta bara ba. Takardar cikakken sakamako kuma ka neme ta da wuri, tun kafin a fara sayar da fom.