Dutsen Dala: Gadon da ƴan kasuwa ke wucewa ba su hawa

Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan karin magana ta matafiya ce, domin a zamanin jakuna da raƙuma, ayarin da ya taso daga Damagaram ko Agadas yakan hango kan dutsen tun da sauran tafiya a gabansa. Yau abin ya juya. Muna shiga Kano kusan kowane mako, mu sari atamfa a Kantin Kwari, mu ɗauki kayan masarufi a Singa, mu sauke wake da riɗi a Dawanau, mu juyo iyaka ba mu ko ɗaga kai mun dubi Dala ba. Alhali kuwa a gindin dutsen nan ne cinikin da muke ci da shi ya samo tushe.

Dala yana arewa maso yammacin tsohon birni. Tsayinsa kimanin mita 534 ne daga doron teku, amma kada adadin ya tsorata mai karatu, domin shi kansa birnin a kan tudu yake. Hawan ƴan mintoci ne, ga kuma matakala ta siminti har sama. Idan mutum ya kai, sai ya tarar da fili shimfiɗaɗɗe, Kano kuma ta baje a ƙasa: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, ga rufin Kasuwar Kurmi a cikin cunkoson gidaje. Samari kan hau don motsa jiki, yara kuma su cika wurin a lokacin Sallah.

Ƙarfe ne ya fara tara mutane a nan. Masu binciken tarihi sun tono alamun narka tama a gindin dutsen, waɗanda suka nuna ana wannan sana'a tun ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya ce sunan dutsen na wani mutum ne mai suna Dala, wanda ya zauna a kansa, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe, jagoran bautar Tsumburbura. Inda aka sami ƙarfe an sami fartanya da mashi, wato noma da tsaro, su kuwa su ne ke kiran baƙi. Bagauda ya kafa sarauta a 999, jikansa Gijimasu ya fara ginin ganuwa, Wangarawa suka iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, sannan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi.

Mutanenmu ba ƴan kallo ba ne a wannan tarihi. Har gobe akwai unguwar Agadasawa a cikin birni, kuma sunan kaɗai ya isa shaida. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu daga wajen Azbin ne, kuma daga cikin Agalawa aka sami Alhassan Ɗantata. Hatta tarin buhunan gyaɗa da ya yi wa Kano suna bayan isowar jirgin ƙasa, dala aka kira shi.

A 1851 Bature Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Agadas da Tasawa da Gazawa da Katsina ya shiga Kano. Ya hau Dala, daga can ya zana hoton birnin. Ya ƙiyasta mazauna garin da 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin rani idan fatake suka sauka, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa duk shekara da wuri miliyan 300. Wannan duk ya faru tun kafin Turawan Faransa da na Ingila su ja layin da muke tsayawa a kansa yau a Ɗan Isa da Maigatari. An rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta a 2023, kowa kuma ya ɗanɗana kuɗarsa, amma hulɗar da ta girmi iyakar ba ta yanke ba.

Sai dai halin da dutsen ke ciki abin damuwa ne. Jikinsa marmara ce da jar ƙasa, saboda haka kowace damina ruwa na zaizaye shi. Gidaje sun matso har gindinsa, wasu ɓangarorin sun zama juji, ɓata-gari kuma kan laɓe a wurin idan dare ya yi. Tun 2007 Nijeriya ta sa Dala da ganuwa da Kurmi da gidan Sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, amma ganuwar kanta ta rushe a wurare da dama.

Muna kira ga hukumomin Kano da su gyara magudanan ruwa, su tsayar da gine-gine a gindin dutsen, su kuma sa masu gadi. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin iyakar biyu su ma suna da abin yi, domin waɗanda ke iya haɗa kuɗin lodin tirela ba za su kasa taimakawa da gyaran matakala da kwashe shara ba.

Ga wanda zai je, shawararmu ita ce ya hau da sassafe ko bayan la'asar, ya tafi da ɗan gari, ya bar kuɗin sari a wurin mai masaukinsa, ya kuma sauko kafin magariba. Wanda ke da yaro mai koyon kasuwa ya tafi da shi, ya nuna masa Kurmi daga sama, ya faɗa masa ta inda kakanninsa suka shigo. Allah Ya ba da kasuwa.