Injinan Iska a Gandun Daji: Abin Lura Yana Ƙarƙashin Ƙasa

Kudu da birnin Gilasgo a Sikotland akwai tashar Whitelee, mai injinan iska 215 da ke iya ba da megawat 539 na lantarki. Kamfanin ScottishPower Renewables ya kammala kashin farko a 2009. Wani ɓangare na filin gandun daji ne na gwamnati, wanda aka dasa domin katako.

Me ya kai injin iska cikin daji? Tudu ne mai iska, nesa da gidaje, kuma hanyoyin manyan motocin katako na nan tuni. Sai dai itatuwa na dagula iska su rage mata ƙarfi. Don haka ko a share dajin baki ɗaya, ko a sare da'ira kewaye da kowane injin a ƙara wa turken tsawo. Tun 2009 manufar gwamnatin Sikotland ita ce, galibi wanda ya sare ya dasa madadi.

A ganina, ba saran ne ya fi tayar da hankali ba. Waɗannan itatuwa baƙi ne, iri ɗaya jere reras, kuma dama don yanka aka shuka su. Abin kula shi ne ƙasar da suke kai: baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai da ta taru cikin dubban shekaru, jiƙe sharkaf, tana riƙe da kabon mai ɗimbin yawa. Masu dashe sun haƙa mata magudanai ta bushe. A Whitelee, inda aka kwashe itatuwa, an yi ta aikin dawo mata da ruwanta, kuma wannan abin yabo ne.

Amma laka ba ta yafe ganganci. A Oktoban 2003, ana tsakiyar aikin tashar Derrybrien a gundumar Galway ta Ailan, gangaren dutse ya zame, laka ta kwararo kamar kunu ta cike rafi, kifaye kusan 50,000 suka mutu. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ci Ailan tarar Yuro miliyan 5 saboda ba a yi binciken tasirin aikin ga muhalli yadda ya kamata ba. A 2022 aka dakatar da injinan tashar.

Shi ya sa kafin a zana hanya ko a zuba kankaren tushe, injiniya kan bi filin da dogon sandan ƙarfe yana cakawa, yana auna zurfin lakar wuri bayan wuri. Inda ta yi zurfi ko gangara ta yi yawa, a matsar da injin.