Yadda Ake Gina Kango a Cikin Wasan Wayar Salula

Duk wanda ke cin kasuwar Ɗan Isa, ko Ƙonni, ko Gaya, ya saba ganin samari a rumfar masu cajin waya, kowa ya duƙufa a kan salularsa yana wasa. Wanda ya leƙa zai ga wani ɗan taliki yana kutsawa cikin kango, bango ya tsage, rufi ya rufta, rana na shigowa ta taga. Da yawa daga cikin wayoyin nan ƙirar Tecno ko Itel ne, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ƴan kasuwarmu ke sarowa. To, yaya ƙaramar waya ke ɗaukar gida sukutum ba ta cije ba? Amsar na wajen masu zanen wasanni, kuma sana'arsu ta yi kama da taku, domin tattali ne jarinta.

Da farko dai, duk abin da ake gani a irin waɗannan wasanni, daga bango har gatari, da ƴan alwatika ake harhaɗa shi, wato siffa mai kusurwa uku. Akwati mai fuska 6 yana cin alwatika 12. Waya kuwa dole ta sake zana hoton kamar sau 30 a kowace daƙiƙa kafin ido ya ga motsi sumul. In alwatika suka yi yawa, sai ta yi zafi, batir ya zube, wasan ya riƙa tsayawa. Shi ya sa mai zane ke gina kangonsa da ƴan kaɗan: bango huɗu, ƙofa da ta karkace, azara biyu ko uku da suka faɗo. A wannan mataki gidan bai fi kwalin sabulu kyan gani ba. Abu biyu ne ke mai da shi kango, shafe da haske.

Shafe shi ne hoton da ake lulluɓa wa ginin. Kafin a yi shi, sai an warware gidan a cikin kwamfuta an shimfiɗa, kamar yadda kuke farke kwali ku baje shi a ƙasa, sa'annan a zana launi a kan shimfiɗar, a mayar. Tsagar bango da ramukan ƙusa ba a sassaƙa su, zana su ake yi, kuma akwai wani hoto na biyu da ke gaya wa haske inda zai nuna tudu da kwari alhali wurin a miƙe yake.

A nan ne ake gane gwani. Ɗan koyo yakan watsa datti ko'ina, gwani kuwa yana tambayar kansa ta ina lalacewa ke shiga gida. Duk wanda ya ga gidan ƙasa da aka bari damina uku ba yaɓe ya san amsa. Ruwa na zaizaye bango a ƙarƙashin indararo, laima na cin gindin gini, gara na bin azara, tsatsa na gangarowa daga ƙusar kwano, wurin da aka daɗe ana dafa abinci kuma baƙin hayaƙi na nan ko masu gida sun yi shekara goma da tashi. Idan aka sa kowane tabo a mazauninsa, mai wasa zai yarda an taɓa zama a gidan.

Shafe ma yana da nauyi. Hoto ɗaya mai ɗigo 1024 a tsaye da 1024 a kwance yana cin megabait 4 in ba a matse shi ba, alhali na'urar PlayStation ta farko, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan a 1994, megabait 1 kacal ta ware wa hoto. Don haka masu zane suka koyi tara shafen ƙofa da taga da bango a hoto guda, kamar mai haɗa kaya a mota ɗaya don ya biya kuɗin hanya sau ɗaya. Sukan kuma maimaita ɗan guntun hoto a dogon bango, kamar zanen atamfa, su ɗora tabo nan da can don kada ido ya gane maimaicin.

Sai haske, wanda shi ne mafi tsada wajen lissafi. Dabarar da wasan Quake na Amurka ya yi suna da ita a 1996 ita ce a lissafa haske da inuwa sau ɗaya tun a wurin aiki, a manna su a jikin bango, ta yadda na'urar mai wasa ba sai ta sake wahala ba. Kango ya dace da wannan, tun da ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai zane yakan zaɓi babban haske ɗaya, a ce ranar la'asar da ke ratsowa ta ramin rufi, ya ba shi launin ɗorawa, inuwa kuma ta ɗan yi shuɗi. Kusurwoyi da ƙarƙashin kaya a ƙara musu duhu, in ba haka ba sai tukunya ta zama kamar tana shawagi. Haske kuma jagora ne, domin inda ya sauka nan ƙafar mai wasa ke nufa.

Rashi ma ya koya wa masu sana'ar dabara. A wasan Resident Evil na 1996, wanda ke gudana a wani katafaren gida da aka ƙaurace wa, ɗakunan hotuna ne da aka zana tun farko, mutane kawai ke motsi a kansu. A Silent Hill na 1999, na'urar ba ta iya nuna nesa, sai aka rufe garin da hazo irin na tsakiyar hunturu, kuma hazon nan ne ya zama abin da ya fi tsorata masu wasa. Minecraft kuwa, da shafensa mai ɗigo 16 da 16, ya haura kwafi miliyan 300 a ciniki zuwa 2023. Da ma Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.

Abin da ya sa muka kawo wannan bayani shi ne, yaran da ke ƙarar da kuɗin caji a kan wasa ba su cika sanin cewa sana'a ce ake ci da ita ba. Manhajar Blender, da ake gini da shafe da haske a cikinta, kyauta ce tun 2002, kuma masu zane na sayar da gidaje da kayan ɗaki da suka ƙera a kasuwannin intanet irin na kamfanin Unity. Ba mu ce abu ne mai sauƙi ba. Yana son kwamfuta, da wutar lantarki, da haƙurin watanni.

Saboda haka, Alhaji, in ka ga yaron shagonka ya nutse a wasa, kafin ka ƙwace wayar ka tambaye shi daga ina hasken ɗakin nan ke shigowa. In ya iya nuna maka, to yana da idon sana'a, sai a duba yadda za a sama masa wurin koyo. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.