Tufafin 'Yan Fashin Teku: Tsakanin Zane da Hujja

Ku sani, ya ku masu karatu, a Ingila da Amurka akwai jama'a masu taruwa suna kwaikwayon 'yan fashin teku na wajejen 1700 zuwa 1725, da tufafi da makamai irin na zamanin. Babbar wahalarsu ita ce rarrabe sahihi da ƙage, domin mai saye bisa jahilci ya yi hasarar kuɗinsa.

Siffar nan da ta shahara, wato jan ɗankwali da 'yan kunne da faffaɗar ɗamara, akasarinta daga zanen Howard Pyle ta fito, Ba'amurke da ya rasu a 1911, kusan shekara 200 bayan wancan zamani. Zane kuwa ba shaida ba ne.

Hujja daga ƙarƙashin teku ta fito. Jirgin Whydah, mai sunan garin Wida na ƙasar Binin ta yau, ɗan fashi Samuel Bellamy ya ƙwace shi, ya nutse a gaɓar Amurka a 1717, aka gano shi a 1984. A cikin abin da aka tsamo akwai gajeren takalmin fata, da safar alharini, da ƙaramar bindiga mai ƙanƙara.

Galibin 'yan fashin nan ma'aikatan jirgi ne, tufarsu ta aiki ce. Saboda haka masu bin diddigi sukan zaɓi taguwar kittani, da wando iya gwiwa, da gajeren kwat na ulu, da hular saƙa. Ɗinkin kuwa na hannu ne, don keken ɗinki bai yaɗu ba sai bayan 1850. Tamat.