Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa tun 1989 gwamnatin Nijeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna? Don 'ya'yan makiyaya aka kafa ta, daga baya aka haɗa da 'ya'yan masunta, kuma duk ana samunsu a kwarin Rima.

'Ya'yan manoma ma kan rasa zuwa makaranta. A fadamun Argungu da Birnin Kebbi, da shinkafa ta fara nuna, sau da yawa yaro ne ke yini yana korar tsuntsaye jan-baki, ƙanwarsa kuma tana talla. Dokar ilimi ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole. Amma manomin da ba shi da kuɗin ɗan ƙwadago, ɗansa yake turawa gona.